Sujadar Da Allah Yake Karɓa: Nasiha Ga Matasan Ikkilisiya



Idan aka tashi sujada ranar Lahadi, aka fito harabar majami'a ana gaisawa, hirar yawancinmu iri ɗaya ce. Wani ya ce yau mawaƙa sun yi ƙoƙari, wata ta ce wa'azin ya cika tsawo, wani ya ce ƙarar lasifika ta hana shi jin komai, wani kuwa ya ce shi dai yau ya ji daɗin sujada. Duk wannan hukuncinmu ne muke yankewa, sai ka ce domin mu aka shirya taron. Da wuya a sami wanda zai tambayi kansa ko Wanda aka taru dominsa ya karɓa.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana ba cewa akwai sujadar da Allah yake karɓa, akwai kuma wadda yake ƙi. Tun a Farawa sura 4 muka ga haka. 'Yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa ya kawo baikonsa. Aka karɓi na Habila, aka ƙi na Kayinu. Da Kayinu ya ɓata rai, Allah bai ce masa ya je ya sake kayan baiko ba. Halinsa ya ja masa kunne a kai, da zunubin da ke neman rinjayarsa. Allah yakan dubi mai baiko kafin ya dubi baikon. Wannan ita ce nasihata gare ku, sauran duk bayaninta ne.

Gardamar da ta girme mu duka

Na san inda hankalinku yake tafiya idan aka taɓo wannan magana, wato salon sujada. A ikkilisiyoyi da yawa, daga Jos zuwa Kaduna, daga Gombe zuwa Yola, ana ja-in-ja tsakanin dattawa da matasa. Dattawa suna cewa an mai da majami'a dandalin rawa, jita da kibod da ganguna sun danne kalmomin waƙa, an jingine Littafin Waƙoƙi yana shan ƙura. Ku kuma kuna cewa tsofaffin waƙoƙin jan su ake yi har barci ya sace mutum, shi ya sa wasunku suke sulalewa zuwa sababbin majami'u inda ake tafi da tsalle har gumi ya jiƙa riga.

Wannan gardama tsohuwa ce ƙwarai. A shekarun 1520, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, mabiyan Zwingli, ɗaya daga cikin masu gyaran ikkilisiya, sun cire babban abin kiɗan nan da ake kira ogan daga majami'unsu. A Janeba, Calvin, shi ma mai gyaran ikkilisiya, ya tsaya a kan cewa Zabura za a rera, da muryoyi kawai. A Jamus kuwa, Martin Luther yana ta tsara waƙoƙi da harshen jama'a domin manomi da matarsa su rera. 'Yan'uwanmu Katolika sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna sujada da Latin, sai a 1963 Majalisar Batikan ta Biyu ta buɗe ƙofa ga harsunan gida. A nan ƙasarmu, da yawa daga cikin Turawan mishan na farko sun hana ganga shiga majami'a, domin suna ganin ta haɗu da tsafi da bori. Sannu a hankali iyayenmu na Zumuntar Mata suka shigo da tulu da kacau-kacau da ganga, 'yan Sabon Rai Don Kowa suka biyo baya tun daga shekarun 1960 da waƙoƙi masu muryar gida. Abin da dattijon yau yake kira sujadar asali, akwai ranar da shi ma baƙo ne ana masa kallon hadarin kaji.

Littafi Mai Tsarki kansa ya nuna mana fuskoki dabam-dabam. Sarki Dawuda ya taka rawa da dukan ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari. Hannatu ta yi addu'a leɓunanta kawai ke motsi, har firist Eli ya zaci buguwa ta yi. Bulus da Sila sun rera yabo da tsakar dare a kurkukun Filibi, ƙafafunsu a turu, bayansu duk shaidar bulala. An karɓi dukansu. Da matar nan ta Samariya ta kawo wa Yesu tsohuwar gardamar mutanenta, ko a kan dutsensu ya kamata a yi sujada ko a Urushalima, sai ya ɗauke hankalinta daga batun wuri, ya kai ta ga irin mutanen da Uba yake nema, waɗanda Ruhunsa ya raya, waɗanda kuma ba su yi masa ƙarya. Saboda haka kada ku raina dattijon da yake rera tsohuwar waƙa idonsa a rufe, domin watakila da ita ya binne iyayensa, da ita ya tsallake shekarun tsanani. Dattawa ma ina roƙonsu kada su yanke wa kiɗanku hukunci tun ba su saurari kalmomin ba. Amma ku tabbata, ko an bar muku majami'ar ku tsara ta yadda kuke so, tambayar karɓuwa tana nan tana jiranku.

Ƙofar ba ta sayarwa ba ce

Abu na fari, babu ɗayanmu da yake shiga gaban Allah da cancantar kansa. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta yi dogon bayani a kan wannan. An yi ta yanka bijimai da awaki shekara da shekaru, jininsu bai iya kawar da zunubi ba. Yesu ya miƙa kansa sau ɗaya tak, hanya ta buɗe. Duk waƙar da za ku rera, duk addu'ar da za ku yi, duk kuɗin da za ku saka a kwandon baiko, ta wannan ƙofa suke shiga. Sujadar Kirista godiya ce ta wanda aka riga aka karɓa albarkacin wani.

Ina nanata wannan ne domin wata koyarwa da ta cika gari a zamaninku. Za ku ji mai wa'azi yana cewa a shuka iri, wanda ya ba da dubu goma zai girbi dubu ɗari. Za ku ga ana kiran masu dubu hamsin su fito gaba a ɗora musu hannu, sannan masu dubu ashirin, har a sauko kan talaka a ce ya ɗaga ambulan daga inda yake zaune. Za ku ga ana sayar da mai da ruwa da hankici da sunan an shafe su. Matashin da ya gama makaranta ya shekara uku ba aiki, ko budurwar da maganar aure ta dame ta, ba wuya su faɗa wannan tarko, domin mai nema ba ya rasa mai yi masa alkawari.

Ku tuna da Siman na Samariya a Ayyukan Manzanni sura 8. Ya ga abin da Ruhu Mai Tsarki yake yi ta hannun manzanni, ya ciro kuɗi domin ya saya. Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya, ya ce zuciyarsa ce ba daidai ba, ya tuba. A 1517 ma abin da ya tunzura Luther ke nan, ana sayar wa talakawan Jamus takardun sassaucin hukuncin zunubi, cinikin da Ikkilisiyar Katolika kanta ta hana daga baya. Kowace tsara takan sake faɗawa wannan jaraba da sabon suna.

Kada ku ji wannan ku ce an ba ku hujjar rowa. Dawuda ya ƙi karɓar masussukar Arauna kyauta, domin bai yarda ya miƙa wa Allah abin da bai taɓa aljihunsa ba. Annabi Malakai ya tsawata wa waɗanda suke kawo makauniyar dabba da gurguwa, ya tambaye su ko za su iya kai wa mai mulkinsu irinta. Ku ba da baiko, ku fitar da zakka, ku tuna da mai bishara da yake ƙauye da iyalinsa cikin rashi. Amma Yesu ya zauna daura da wurin saka baiko a Haikali, ya ga mawadata suna zuba kuɗi masu yawa, wadda ya yaba kuwa gwauruwa ce mai anini biyu. Ga ma'aunin da za ku gwada kanku da shi. Idan bayan ka ba da baiko zuciyarka tana jin kamar kana bin Allah bashi, har kana jin haushi in bai biya a kan lokaci ba, to ciniki ka yi, kuma Allah ba ya cikin wannan ciniki.

Zuciyar da ba ta yi wa Allah ƙarya

Abu na biyu shi ne gaskiya. A Luka sura 18 Yesu ya ba da misalin mutum biyu da suka je Haikali yin addu'a. Bafarisiyen ya lissafa azuminsa da zakkarsa, kuma babu alamar ƙarya ya yi a kan ko ɗaya. Laifinsa shi ne ya zo ya karanta wa Allah takardar yabon kansa, yana hararar na kusa da shi. Mai karɓar haraji ya tsaya daga nesa, ya kasa ɗaga ido, ya roƙi jinƙai. Shi ne ya koma gida karɓaɓɓe. Hananiya da Safiratu kuwa sun sayar da fili, sun kawo wani kaso na kuɗin. Bitrus ya nuna musu cewa filin nasu ne, kuɗin ma nasu ne, ba wanda ya tilasta musu. Abin da ya hallaka su shi ne son a gan su a matsayin da ba su kai ba.

Wannan jaraba ta fi ƙarfi a zamaninku, domin kowa yana riƙe da kyamara a hannu. Ana tsakiyar yabo wani yana ɗaukar kansa bidiyo zai ɗora a Facebook ko TikTok. Ana addu'a wata tana gyara tsayuwa domin ta ga mai ɗaukar hoto ya juyo. Ana ba da shaida a ƙara mata gishiri domin jama'a su yi sowa. Wani yakan faɗi ƙasa domin ya ga na gefensa sun faɗi, yana tsoron kada a ce shi ba shi da Ruhu. 'Ya'yana, ramin ƙarya ƙurarre ne a gaban mutane ma, balle a gaban Wanda yake ganin abin da ke ɓoye.

Haka kuma ku yi hattara da auna sujada da yadda jikinku ya ji. Kiɗa mai daɗi yakan sa tsikar jiki ta tashi a majami'a, yakan sa ta tashi a wurin biki. Hawaye a gaban Allah abu ne mai kyau, farin ciki ma haka, domin shi ya halicce mu da su. Sai dai ba su ne shaidar karɓuwa ba. Akwai ranar da za ka zo zuciyarka a bushe, mahaifinka yana kwance asibiti, ko ka faɗi jarrabawa, ka kasa ko buɗe baki. In ka gaya wa Allah gaskiyar halin da kake ciki, ka tsaya a kan alkawarinsa, ka yi sujada. Littafin Zabura cike yake da kukan mutanen da suka ji kamar Allah ya yi musu nisa, kuma wannan kuka nasu ya zama littafin waƙoƙin jama'ar Allah.

Ku mawaƙa da makaɗa, ina da magana ta musamman da ku, domin ina ƙaunarku, kuma na san yawan sa'o'in da kuke ɓatawa wajen koyon waƙa. Aikinku shi ne ku taimaki jama'a su buɗe baki su yabi Allah. Idan ikkilisiya ta koma 'yan kallo ku kaɗai ake ji, aikin bai yi ba, komai zaƙin murya. Idan ana gaba a cikin ƙungiya a kan wanda zai riƙe makirufo, ku ajiye waƙar ku fara sulhu. Kuma ɗabi'ar nan ta sulalewa waje da zarar an gama waƙa, a bar fasto yana wa'azi ku kuna hira a gindin bishiya, ku daina ta. Wanda ya kira jama'a su saurari Allah, shi ya kamata ya fara kasa kunne.

Daga Litinin zuwa Asabar

Abu na uku shi ne biyayya, kuma a nan annabawa suka fi zafi. An ba Sarki Saul umarni bayyananne a yaƙinsa da Amalekawa. Ya bi wani sashi, ya bar tumaki da shanu masu kyau da rai. Da Sama'ila ya tare shi, sai ya ce ai domin hadaya aka kawo su. Sama'ila ya sanar da shi cewa duk garken da zai yanka ba zai shafe umarnin da ya take ba. A ranar aka faɗa masa cewa sarauta ta bar hannunsa.

Ku karanta littafin Amos daga farko har ƙarshe, surori tara ne kawai. Amos makiyayi ne daga Tekowa, aka aike shi mulkin arewa a zamanin Yerobowam na biyu, wajen shekara 760 kafin haihuwar Almasihu. Lokacin wadata ne, wurin sujada na Betel yana cika maƙil, ana idi, ana hadaya, ana kaɗa molaye. Amma Amos ya ce Allah yana ƙyamar tarurrukan nan, ba ya son jin waƙoƙinsu. Dalili kuwa yana kasuwa da wurin shari'a. 'Yan kasuwa suna ƙosawa Asabar ta wuce domin su koma rage mudu, su yi algus a ma'auni, su haɗa da ƙaiƙayi su sayar. Alƙalai suna karɓar toshiyar baki, ana sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi. Amaziya, firist na Betel, ya ce wa Amos ya tattara ya koma ƙasarsu. Ishaya sura 58 ma ta kawo mutanen da suke ƙorafi cewa sun yi azumi Allah bai kula ba, aka ba su amsa cewa a ranar azumin ma suna zaluntar ma'aikatansu.

Ku sauko da wannan cikin rayuwarku. Ɗalibin da ya biya kuɗi aka rubuta masa jarrabawa, sannan ya fito gaban ikkilisiya da rawa yana godiyar sakamako, me ya kawo wa Allah? Saurayin da yake damfarar mutane ta intanet, ya cire zakka daga ciki, yana tsammani ya wanke sauran? Mai shagon da ya bubbuge gindin mudunsa, ma'aikacin ofis da ba ya motsa fayil sai an ba shi na goro, uwar gidan da ta riƙe albashin 'yar aikinta wata uku, wanda ya sayar da ƙuri'arsa ranar zaɓe, saurayi da budurwar da suke kwana tare ranar Asabar su hau jagorar yabo ranar Lahadi, dukansu da wannan kaya suke shigowa majami'a, ko da kuwa hannunsu Littafi Mai Tsarki kaɗai yake riƙe da shi.

Ku ɗauki misalin ɗan da mahaifinsa ya aike shi gona ya ƙi, ya hana shi abokan banza ya ƙi ji, yana zagin ƙannensa, yana ɗaga wa mahaifiyarsa murya, sai ranar Kirsimeti ya zo da shadda mai tsada ya durƙusa ya miƙa. Uban kirki zai ce masa ya riƙe shaddarsa, shi ɗansa yake so. Abin da Bulus yake nufi ke nan a Romawa sura 12 da ya roƙi masu bi su miƙa jikunansu hadaya mai rai. Hannun da kuke rubutu da shi, bakin da kuke ciniki da shi, idon da kuke duban waya da shi cikin dare, su ne baikon. Ranar Lahadi kawo su kawai kuke yi.

Wanda yake zaune a gefenka

Abu na huɗu, Allah ba ya raba sujadarmu da zamanmu da mutane. A Matiyu sura 5 Yesu ya koyar cewa in ka iso bagade da baikonka, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata damuwa da kai, ka ajiye baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. Ku lura, bai ce in kai ne kake fushi ba. Ko shi ne yake jin ka ɓata masa, kai za ka tashi. A Korinti mawadata sukan riga su ci su ƙoshi a taron Jibin Ubangiji, talaka ya zo ya tarar ba komai, Bulus ya ce musu abin da suke ci ba Jibin Ubangiji ba ne sam. Yakubu ya tsawata wa ikkilisiyar da take ba mai zoben zinariya kujerar gaba, ta ce wa mai tsumma ya tsaya can, ya kuma ce addinin da Allah yake ɗauka mai tsabta yana bayyana a kula da marayu da gwauraye.

Mu ma muna da namu ciwon, kuma babbansa ƙabilanci ne. Ana zaɓen dattawa ko shugaban matasa, sai a koma lissafin yare da ƙauye. Ana kawo sabon fasto, tambaya ta farko ita ce ɗan ina ne. Ikkilisiyoyi sun rabe a kan wannan, wasu har gaban kotu. Iyayenku sun gaji wannan cuta, amma ba dole ku gaje ta ba. Ku da kuka yi makaranta tare da kowace ƙabila, kuka yi hidimar ƙasa a jihohin da ba naku ba, kun fi kowa damar yanke ta.

Maƙwabcin da ba Kirista ba ma yana cikin wannan lissafi. Musulmin da kuke katanga ɗaya da shi, da wanda kuke ciniki tare, suna karanta bangaskiyarku a riƙon amanarku. Idan kuna addu'ar dare, ku tuna akwai mara lafiya da mai jego da ɗalibi a unguwar, ku sassauta lasifikar waje, Allah yana ji ko da raɗa. Na san da yawa a cikinku sun rasa 'yan'uwa a rikice-rikicen da suka addabi yankinmu, kuma ba na raina wannan ciwo ko kaɗan. Ku nemi adalci ta hanyarsa, ku kai kukanku gaban Allah yadda yake. Amma kada ku bar ƙudurin ramuwa ya yi sheƙa a zuciyar da kuke ɗaga wa Wanda ya roƙa wa masu gicciye shi gafara.

Ku zo da hankalinku

Abu na biyar, ku san abin da kuke faɗa. Bulus ya gaya wa Korintiyawa cewa a cikin taro ya fi son kalmomi biyar da za a fahimta a kan dubu goma da ba wanda ya gane, ya kuma ce a yi kome bisa tsari. Ban hana ku waƙar Turanci ba, amma ku tambayi kanku ko kun san ma'anarta, ko kuma kakar da take zaune a bencin baya ta sami abin da za ta ce amin a kai. Ku auna kalmomin kowace sabuwar waƙa. Wa take ɗaukakawa? Me take cewa game da gicciye, da tuba, da alherin Allah? Akwai waƙoƙin da daga farko har ƙarshe zancen maƙiyana da arzikina ne kawai.

An sha wuya kafin Maganar Allah ta zo harshenmu. Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya tun 1905, da abokan aikinsa Turawa da 'yan ƙasa, sun ɗauki shekaru masu yawa suna fassara kafin cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Kakanninku da yawa sun koyi karatu da girmansu domin kawai su iya karanta shi. Yau yana cikin wayar kowannenku. An yabi mutanen Biriya domin sukan koma su bincika Littattafai su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. In an bincika maganar manzo Bulus, ba mai wa'azin da ya fi ƙarfin bincike, komai yawan mabiyansa. Matashin da ya san Littafinsa ba a sayar masa da mai a kwalba.

Ranar da babu gini

A ranar 17 ga Maris 1923, a ƙarƙashin wata tsamiya a Garkida, aka yi sujadar da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya take lissafa farkonta daga gare ta. A Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatar wannan ikkilisiya a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci, majami'unta masu yawa suka ƙone. 'Yan'uwanmu sun watsu zuwa Yola da Jos da Abuja, wasu har sansanin Minawao a Kamaru. A can suka ci gaba da taruwa, a ƙarƙashin bishiya da rumfar tamfol, ba janareto, ba kibod, ba kayan anko. Wa zai ce sujadarsu ba ta kai ta babban ɗakin taro mai sanyi ba? A 2020 kuma annobar korona ta rufe majami'u, iyalai suka yi sujada a tsakar gida. Wasu gidaje sun gano cewa uba zai iya buɗe Littafi, yara su rera waƙa. Wasu kuwa sun gano cewa da aka ɗauke musu kiɗa da taro, ba abin da ya rage a hannunsu. Ku tambayi kanku a wane rukuni za ku kasance.

Kada kuma wannan ya zama dalilin ƙaurace wa taro. Kallon wa'azi a waya alheri ne ga mara lafiya da matafiyi, amma waya ba za ta ba ka Jibin Ubangiji ba, ba za ta tsawata maka in ka kauce ba, ba za ta zo gaisuwa ranar da aka yi maka rasuwa ba.

Watakila wani a cikinku ya karanta wannan duka, gabansa ya faɗi, ya ce to shi ai bai cancanci shiga majami'a ba. Ɗana, 'yata, kada Shaiɗan ya juya muku nasiha ta zama sanda. Dawuda ya yi zina, ya sa aka kashe mijin matar, kuma daga bakinsa Zabura 51 ta fito bayan annabi Natan ya tone shi. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, aka mai da shi aka ba shi kiwon tumaki. Allah bai taɓa korar mai zunubin da ya zo da tuba ba. Wanda yake ƙi shi ne mai rufe zunubinsa da waƙa.

Don haka ku fara shirin Lahadi tun ranar Asabar. Ku zauna ku bi makon da ya wuce a gaban Allah, ku kira kowane laifi da sunansa. In akwai wanda kuka cuta, ku buga masa waya ko ku taka ku je. In akwai kuɗin wani a hannunku, ku mayar, ko ku faɗa masa ranar da za ku biya. Ku ware baikonku tun a gida daga halaliyarku, komai ƙanƙantarsa. Ku kwanta da wuri, ku iso kafin a fara, ku kashe waya. Ku rera tsohuwar waƙa da sabuwa da zuciya ɗaya, ku saurari wa'azi kamar ku kaɗai ake yi wa, ku fita da abu ɗaya da za ku aikata ranar Litinin. Nan da 'yan shekaru ku ne dattawa da fastoci da shugabannin Zumuntar Mata, kuma sujadar da kuka saba da ita yau ita za ku koya wa 'ya'yanku.

Ubangiji ya ba ku zuciya mai gaskiya, ya tsare ƙuruciyarku, ya karɓe ku da sujadarku albarkacin Yesu Almasihu. Amin.